Wani haske ya ratsa sama jiya da dare, ya ɓace a tsakiyar hanya: mene ne?

Abban Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya, don Allah kada a yi mini dariya. Jiya bayan magariba ina tsaye a waje da 'yata, sai ta ja mini riga ta ce, "Abba, ga tauraro yana tafiya." Na ɗaga kai, ashe gaskiyarta. Wani farin haske ne, ba ya ƙyaftawa, ba ƙara, ya taso daga kudu maso yamma yana tafiya a natse kamar ana jan sa da zare. Ya haura kusan saitin kanmu, ya fara gangarawa arewa maso gabas, sai kawai ya dushe ya ɓace. Bai kai ƙarshen sama ba, kuma babu gajimare ko kaɗan. Yarinya ta tsare ni da tambaya, na ce mata zan tambayo masana. To ga ni.

Sarkin Manhaja: Wa alaikumus salam. Wannan ai ba ya buƙatar dogon bincike, ISS ce, Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa. Tana tafiya a nisan kilomita 400 da 'yan kai daga ƙasa, gudunta kusan kilomita 28,000 a awa, tana zagaye duniya cikin minti 92 ko 93. Ka faɗa wa yarinya akwai mutane a ciki. An gama.

Gani Ya Kori Ji: Ba a gama ba, ɗan'uwa. Jirgin sama ne ya yi nisa. Kullum aka ga abu a sama sai a ce tauraron ɗan'adam.

Abban Biyu: Na san jirgi fa. Jirgi yana da jan wuta da kore, ga wata fara mai walƙiya. Wannan ba shi da ko ɗaya.

Gani Ya Kori Ji: In jirgi ya fuskanto ka da fitilar sauka a kunne, farin haske ɗaya tak za ka gani, ba ja ba kore. Na sha ganin haka.

Malamar Lissafi: Hakane, amma sai lokacin da yake fuskantar ka. Da zarar ya zo saitin kai ko ya wuce, fitilun fuka-fukansa za su bayyana, ja a hagu kore a dama, kuma yawanci ƙararsa za ta biyo baya. Abban Biyu ya ce abin ya bi ta kansa shiru da haske ɗaya. Jirgi ya fita daga lissafi.

Abban Biyu, amsa mini abu huɗu. Ƙarfe nawa ne daidai? Minti nawa ya ɗauka daga ganin farko zuwa ɓacewa? Haskensa in ka gwada shi da Zara, wa ya fi? Sannan da zai ɓace, ɗauke wuta ya yi farat ɗaya, ko a hankali ya dushe?

Abban Biyu: Malama, lokacin kam na riƙe shi, domin ina duba waya aka ja rigata: 7:41. Rana ta faɗi wajen 6:40. Ya ɗauki kamar minti uku. Bai kai Zara haske ba, amma ya fi duk sauran taurarin da ke sama a lokacin. Da zai ɓace kuma sai da ya yi ja-ja kamar garwashin da ke mutuwa, cikin 'yan daƙiƙoƙi ya tafi.

Malamar Lissafi: Madalla. Wannan jan da ka gani shi ne babbar shaida. Tauraron ɗan'adam ba shi da fitilar da za mu hango daga nan, hasken rana yake maido mana, kamar yadda wata yake yi. Rana ta faɗi a wurinka, amma shi yana can sama inda har yanzu take haska shi, kamar yadda kan dogon dutse yake zama cikin rana bayan kwari ya yi duhu. Yana tafiya gabas sai ya shiga inuwar duniya. Kafin ya shige ta gaba ɗaya, hasken ƙarshe da ya taɓa shi ya ratso iskar duniya ne ta gefe, shi ya sa ya yi ja. Wato faɗuwar ranar mutanen da ke ciki ka kalla daga ƙasa. Su sau 16 suke ganin faɗuwar rana a kwana guda.

Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa lokacin kallo ɗan taƙi ne: bayan faɗuwar rana, da kuma gab da asuba. Abin da ke nisan kilomita 400 a saitin kanka rana tana haska shi muddin ba ta yi ƙasa da digiri 20 daga gaɓar sama ba, wato inda ido ke ganin sama ta haɗu da ƙasa. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, wato layin da ya raba ta arewa da kudu, rana tana nutsewa kusan digiri 15 a kowace awa, ka ga awa ɗaya da kamar minti 20 ke nan. Wanda yake nisan kilomita 800 yana kaiwa kusan awa biyu. Bayan nan suna ta wucewa amma cikin duhu.

Sarkin Manhaja: Ka ji ko? Abin da na faɗa tun farko ke nan. ISS.

Malamar Lissafi: Ban ce ISS ba, ƙanena. Cewa na yi tauraron ɗan'adam ne na ƙasa-ƙasa, kuma babba. Wanne ne, sai an duba.

Abban Biyu: To na shiga shafin Heavens-Above kamar yadda wani ya turo mini ta bayan fage. Na duba ISS, na duba jerin masu haske na daren jiya, babu abin da ya yi daidai da 7:41. Ko dai aljanu na gani?

Kawu Mai Rediyo: Ɗana, duba can sama ta hannun dama a shafin. Me aka rubuta a wurin da ake sa inda kake?

Abban Biyu: Sifili ne da sifili, Kawu. 0.0000 da 0.0000.

Kawu Mai Rediyo: To shafin yana zaton a tsakiyar tekun Atilantika kake tsaye, kuma agogon da yake ba ka na Girinwic ne, wato GMT. Duk wanda ya fara amfani da shi sai ya faɗa wannan ramin, ni ma na faɗa. Na taɓa kwana uku ina fita ina jiran abin da ba zai zo ba, har na fara zargin idona. Sa inda kake a taswira, ka tabbatar agogon ya yi daidai da naka, sannan ka koma daren jiya.

Abban Biyu: Allah ya saka, Kawu. Na gyara. ISS a wannan makon da asuba take bi ta wurinmu, ba da yamma ba. Amma ga wani abu Tiangong: fitowa 7:39 daga kudu maso yamma, ƙololuwa 7:42 a digiri 70 da wani abu, sannan an rubuta ya shiga inuwa ta arewa maso gabas. Taswirar ma ta nuna layin ya yanke a tsakiyar sama, daidai inda ya ɓace mana!

Gani Ya Kori Ji: Sarkin Manhaja, ina kake? "An gama."

Sarkin Manhaja: To ai tasha ce dai, kuma akwai mutane a ciki. Rabin maganata ta tsaya.

Malamar Lissafi: Rabin maki ke nan, a ajina ba a wucewa da shi. Tiangong ta ƙasar Sin ce. An harba ginshiƙinta, Tianhe, a watan Afrilun 2021, aka haɗa mata Wentian da Mengtian a 2022, yawanci mutum uku ke zaune a ciki. Ta fi ISS ƙanƙanta nesa ba kusa ba. ISS faɗinta mita 109 ne, nauyinta ya haura tan 400, in ta bi ta saitin kai tana gogayya da Zara. Da Abban Biyu ya ce abin bai kai Zara ba duk da ya zo kusan saman kansa, tun nan na fara shakka.

Sarkin Manhaja: Na karɓa. Amma don Allah duk wannan wahalar ta mece ce? Akwai manhajojin da za ka ɗaga waya sama kawai su nuna maka sunan abin da kake kallo. Stellarium ma tana yi.

Kawu Mai Rediyo: Tana yi, kuma ina amfani da ita. Sai dai wanda ya fara ɗaga waya kafin ya rubuta abin da idonsa ya gani, abin da wayar ta faɗa shi zai gani. Kamfas ɗin waya yana iya karkacewa da digiri 10 ko 20 in kana kusa da ƙarfe ko mota. Sama kuma yanzu cike take, duk inda ka nuna waya za ka samu wani ɗigo mai suna yana wucewa, sai ka ce shi ne. Ni ƙa'idata: ido tukuna, biro na biye, manhaja daga ƙarshe.

Abin da nake rubutawa kaɗan ne. Lokaci, har da daƙiƙa in ya samu. Daga ina zuwa ina. Tsayinsa daga gaɓar sama, wanda dunƙulen hannu ke aunawa: ka miƙe hannu sosai, faɗin dunƙulenka kusan digiri 10 ne, ƙaramin yatsa kuma digiri 1. Tara dunƙule tara daga ƙasa, ka iso saitin kai. Abin da ya fi duka amfani shi ne ka lura da lokacin da ya gifta kusa da wani tauraro da ka sani, ka rubuta ta hagu ya bi ko ta dama. Wannan layi ɗaya ya fi shafi guda na "na ga wani haske".

Malamar Lissafi: Maganar daƙiƙa ba tsanani ba ne. Abin yana cin kilomita 7 da rabi da ɗoriya a kowace daƙiƙa. Kuskuren minti ɗaya a agogonka kilomita 460 ne a sama. In yana saitin kai, a daƙiƙa ɗaya yakan ratsa faɗin wata biyu.

Uwar Gida Mai Tambaya: Ni fa akwai abin da ban gane ba. Ta yaya wani shafi a intanet ya san inda ƙarfe zai kasance jibi da ƙarfe bakwai? Su ne suke tuƙa shi?

Kawu Mai Rediyo: A'a, Hajiya, ba mai tuƙi. Sojojin Amurka suna bin abubuwan da ke zagaye duniya da na'urorin rada da madubin hangen nesa, kowanne an ba shi lamba. ISS 25544 ce, madubin Hubble 20580. Lamba 1 gangar rokar da ta kai Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, sama ce a ranar 4 ga Oktoban 1957, shi Sputnik ɗin lamba 2. Vanguard 1 na Amurka, wanda aka harba a Maris na 1958, lamba 5 ne, kuma har yau yana can yana zagaye, ya daɗe da mutuwa.

Kowane ɗaya ana fitar masa da layi biyu na lambobi, ana ce musu TLE. A ciki akwai karkatar falakinsa, wato hanyar da yake bi a sama, sau nawa yake zagaye duniya a kwana, da inda yake a wani lokaci takamaimai. Shafin Space-Track yana rarraba su, haka CelesTrak wanda T.S. Kelso ya kafa tun 1985. Manhajarki tana ɗaukar layin biyun nan ne ta yi lissafi zuwa gaba. Matsalar ita ce layin yana tsufa. A nisan kilomita 400 akwai sauran iska 'yar kaɗan da ke rage musu gudu, suna ta zamowa ƙasa a hankali, ISS kuma lokaci-lokaci ana kunna inji a ɗaga ta. In lambobinki sun yi sati biyu ba a sabunta ba, kina iya fita ki tarar ya riga ki wucewa.

Sarkin Manhaja: Iskar nan ba wasa ba ce. A Fabrairun 2022 guguwar rana ta kumbura iskar can sama, Starlink mai kawo intanet daga sama ya yi asarar taurari kusan 40 daga cikin 49 da ya harba a tashi ɗaya.

Uwar Gida Mai Tambaya: Ikon Allah. To tunda ana magana, akwai wani babban tauraro da nake gani kullum a gefen da farantin dish ɗinmu yake kallo. Mai gidana ya ce shi ne satalayit ɗin da ke kawo mana tashoshi. Ba ya motsi kuwa.

Malamar Lissafi: Yaya, ki gaishe da mai gida, amma ba shi ba ne. Na dish yana nisan kilomita 35,786 a saitin tsakiyar duniya. A wannan nisan zagayensa ɗaya daidai yake da juyawar duniya sau ɗaya, shi ya sa yake tsaye wuri guda a samanku, faranti ba ya buƙatar juyawa. Amma nisan ya ninka na ISS sau 85. Haske kuwa da ninkin nisa a kansa yake raguwa, 85 sau 85, fiye da sau 7,000 ke nan. Ido ba ya kama shi.

Gwajin mai sauƙi ne. Ki tsaya wuri ɗaya, ki saita tauraron da kan wani gini ko reshe, ki dawo bayan awa biyu ki tsaya a wurin. In ya matsa yamma tare da sauran taurari, to Mushtari ne ko Zara ko wani babban tauraro na Allah.

Uwar Gida Mai Tambaya: Zan gwada, amma in ya matsa ku za ku faɗa masa, ba ni ba.

'Yar Dare: Ana iya kama na dish ɗin da kyamara fa. Ki kafa ta a kan ƙafa, ki buɗe ta na minti biyu ko uku ba tare da ta motsa ba. Taurari duk za su ja layi saboda duniya tana juyawa, su kuma za su fito ɗigo-ɗigo a jere, tsaye cak. Ranar da na fara ganin haka a hotona na daɗe ina kallo. Komai na sama yana tafiya, sai abin da mutum ya rataya shi ne a tsaye.

Gani Ya Kori Ji: To ni ga tawa, tunda an ce ba na yarda da komai. Na taɓa kallon ɗaya yana tafiya yana karkacewa hagu da dama kamar maye. Wane tauraron ɗan'adam ne yake wannan? Ku ba ni lambarsa.

Malamar Lissafi: Lambarsa tana cikin idonka. In kana bin ɗan ƙaramin haske cikin duhu ba abin gwadawa kusa da shi, tsokar ido tana 'yan motsi da ba ka sani ba, ƙwaƙwalwa sai ta ɗora motsin a kan hasken. Har tauraron da ke tsaye yakan yi kamar yana yawo in ka ƙura masa ido. An daɗe da sanin wannan, ana ma gargaɗin matuƙa jirgi a kansa. Ka jingina kanka da bango, ka bar abin ya bi ta gefen wayar lantarki ko kan rufi, za ka ga layinsa a miƙe yake sambal. In kuma da gaske ya tsaya ya juya ya koma baya, wannan jirgi marar matuƙi ne na wani maƙwabci.

Gani Ya Kori Ji: Wato dai idona ne maye.

Kawu Mai Rediyo: Ku yaran yanzu kun rasa abin kallo. Da akwai taurarin Iridium na wayar satalayit, guda 66 masu aiki, a nisan kilomita 780. Kowanne yana da eriya uku masu sheƙi, kowace kamar girman ƙofa. In rana ta bugi ɗaya ta maido hasken daidai inda kake, sai ka ga wuri ya ɗauki haske ya ninka Zara sau da yawa, daƙiƙa kaɗan, ya mutu. Kuma ana iya lissafa shi har daƙiƙa. Nakan tara yara in nuna wani fili a sama inda ba komai, in ce ku ƙirga daga goma zuwa ɗaya. Suna kaiwa ɗaya sai wuta ta tashi. Wani yaro ya yi wata guda ba ya yarda ya haɗa ido da ni. Daga 2017 zuwa 2019 aka maye gurbinsu da sababbi marasa irin wannan eriyar, aka sauko da tsofaffin, wasa ya ƙare.

Sarkin Manhaja: Mu ma muna da namu, Kawu. Jerin gwanon Starlink. Kwana ɗaya ko biyu bayan harbawa za ka ga ɗigo ashirin ko fiye a layi ɗaya kamar carbi ya tsinke a sama. Na farko, guda 60, a Mayun 2019 aka harba, mutane a ƙasashe da dama suka ɗauka baƙi ne daga wata duniyar. Bayan 'yan kwanaki suke warwatsewa su yi ta hawa sama a hankali, su dushe.

'Yar Dare: Kai abin sha'awa ne a wurinka. Ni kuwa in na kwana ina ɗaukar hoton sama, da safe sai na zauna ina zubar da waɗanda aka ja wa layi. Dubbai ne a sama yanzu, kamfani ɗaya ya fi kowa yawa, wasu kamfanonin kuma suna tafe da nasu. Ni mai ƙaramar kyamara ke nan. Ka tuna masu manyan madubai irin na Vera Rubin a ƙasar Chile, da aka gina don ya riƙa ɗaukar faffaɗan sama dare bayan dare. A 2022 aka harba BlueWalker 3, eriyarsa murabba'in mita 64, da ya buɗe ta ya shiga sahun abubuwa mafi haske a sama. Wa aka tambaya?

Sarkin Manhaja: Anti, a yi adalci. Akwai mutanen da ba su taɓa samun intanet mai kyau ba sai ta wannan hanyar. Kuma kamfanin ya yi ƙoƙari, a 2020 sun gwada shafa wa ɗaya baƙi, suka gwada sa musu rumfa, daga baya suka canza rufin jikinsu don hasken ya kauce wa ƙasa.

'Yar Dare: Sun rage, ban musa ba. Ido ya huta kaɗan, kyamara ba ta huta ba. Kuma ba hoto kaɗai ba ne damuwata. A Fabrairun 2009 Iridium 33 ya yi karo da mataccen Kosmos 2251 na Rasha a saman Saiberiya, suka tarwatse gutsi-gutsi. Kafin nan a Janairun 2007 Sin ta harbe tsohon tauraronta Fengyun-1C da makami, gutsattsari fiye da 3,000 da ake iya bibiya suka bazu. Lokacin sama ba ta cika kamar yanzu ba.

Sarkin Manhaja: Shi ya sa aka ajiye su ƙasa-ƙasa, in ɗaya ya mutu iska ta jawo shi ya ƙone cikin 'yan shekaru.

'Yar Dare: Ya ƙone ya zama me? Ƙurar alminiyon a saman iskarmu. Wannan ma masana suna kan bincikensa.

Mai Kula da Zaure: Jama'a, wannan muhawarar ta cancanci zarenta daban, ku buɗe shi. Nan tambayar Abban Biyu muke.

Gani Ya Kori Ji: Kafin a rufe, tambaya ɗaya. In duk daga jerin sojojin Amurka ake ɗauko lambobin, nasu na leƙen asiri fa? Ai ba za su sa ba.

Kawu Mai Rediyo: Yawwa, yau ka yi tambayar da ta biya kuɗinta. Akwai waɗanda ba a fitar da lambobinsu, to amma ba a iya ɓoye abu a sama in rana tana haska shi. Akwai 'yan sa-kai a ƙasashe daban-daban da aikinsu ke nan: abin hangen nesa na hannu, agogo mai kyau, taswirar taurari, yanzu kuma kyamara. Wannan ya rubuta ya ga abu ya gifta tsakanin taurari kaza a daƙiƙa kaza, wani a wata ƙasa ya rubuta nasa, a haɗa a fitar da falakinsa. Abin ya samo asali tun shirin Moonwatch da Fred Whipple ya kafa a 1956, inda aka horar da mutanen gari su zauna a jere kowa da ɗan madubinsa suna jiran taurarin farko.

Wasu kuma da kunne suke bi, irina. Siginar tauraro in yana matsowa mitarta tana sama, in yana nisa ta yi ƙasa, kamar jiniyar motar asibiti da ta wuce ka. Daga wannan sauyin ake gane lokacin da ya fi kusa. A Janairun 2018 wani ɗan Kanada, Scott Tilley, yana neman wani tauraron sirri da ake kira Zuma, sai ya ci karo da siginar IMAGE, na hukumar NASA, wanda ya yi shiru tun Disambar 2005 har an fid da rai da shi. Mutum ɗaya a gidansa da eriya.

Kuma in wata rana kun ga ɗigo biyu ko uku marasa haske sosai suna tafiya tare ba sa rabuwa, kada ku firgita. Akwai na sojan ruwan Amurka da ke bin jiragen ruwa, haka ake harba su, da a uku-uku, daga baya a bibbiyu.

Abban Biyu: Na dawo da rahoto. Shafin ya ce Tiangong za ta sake bi yau, ƙasa-ƙasa ta arewa. Na yi dabarar Kawu, na nuna wa yarinya wurin da za ta fito da wurin da za ta mutu tun kafin lokaci. Ta fito a makare da kamar daƙiƙa goma a agogona, ta kuma dushe kusan inda na nuna. Yanzu a gidan nan ni ne Sarkin Manhaja.

Amma ga sabuwa. Muna shirin shiga, 7:33, yarinyar ta sake hango wani. Wannan ba shi da haske sosai, daga kudu yake tafiya arewa, ya ɗan karkata yamma, kuma yana haske yana dushewa. Ba ƙyaftawar jirgi ba, a hankali yake kumbura ya lafa. Na ƙirga, kusan daƙiƙa shida tsakanin haske da haske.

Malamar Lissafi: Kudu zuwa arewa da ɗan karkata yamma, wannan hanyar masu bi ta kan ƙarshen duniya na arewa da na kudu ce, karkatarsu wajen digiri 98. Masu ɗaukar hoton ƙasa da na hasashen yanayi nan suke bi. Kumburin hasken kuma alamar abin yana wuntsilawa ne, ba mai riƙe da shi. Galibi gangar roka ce da aka yar bayan ta gama aiki, ko mataccen tauraro. Doguwar ganga in tana juyawa, sau biyu take nuna maka faɗin jikinta a juyi ɗaya, ka ga mai yiwuwa juyinta daƙiƙa 12 ne, ba shida ba. Me jerin daren ya nuna a 7:33?

Abban Biyu: Abu biyu ne suka bi kusan hanya ɗaya, tsakaninsu bai kai minti ɗaya ba. Ɗaya gangar roka, ɗaya tauraron ɗaukar hoto. A taswira akwai wani babban tauraro a arewa, ɗaya ya bi ta hagunsa ɗaya ta dama.

Sarkin Manhaja: Gangar ce. An g… a'a, bari dai in yi shiru.

Kawu Mai Rediyo: To ta ina naku ya bi, hagu ko dama?

Abban Biyu: Kawu, ƙirgen daƙiƙa ya ɗauke mini hankali, ban lura ba. Na tambayi yarinyar, ta ce ta dama, da na sake tambaya ta ce ta hagu. Shafin ya nuna gangar za ta dawo ranar Alhamis da 7:50, shi kuma ɗayan ba ya cikin jerin ranar. In gari ya yi garau za mu fita da biro.